Jalo Zai Riga Ɗansa Zuwa Duniyar Maris

Shekara talatin Jalo ya yi yana garso, wato mai riga garke zuwa sabon wuri ya dubo ruwa da ciyawa kafin ruga ta tashi. Har Mambila ya taka da ƙafarsa. Da gidaje suka cinye makiyaya sai ya zauna a Miri da shanu huɗu da gonar dawa, yana yi wa masu babur tsiya wai ƙafafunsu sun mutu.

Ɗansa na fari, Badruddeen, gyaran waya yake yi a Gwallaga. Ran wata Juma'a bayan masallaci ya ce ya sa sunansa a intanet cikin masu son zuwa duniyar Maris su zauna.

"Baffa, fili ne ba shinge, ga ma'adinai. Kuma dole a sami wanda zai fara kiran salla a can."

Tsoro ya kama Jalo sosai. Shi da ya yi ƙaura sau tara, da wane baki zai hana? Ga kunyar ɗan fari: bai taɓa kiran sunan yaron ba, balle ya ce masa kada ka tafi, ina son ka. Kwana uku fura ba ta shiga ba. Matarsa Hajja ta ce zazzaɓi ne, ya ce e.

Rana ta huɗu ya rataya sanda, ya hau babur ɗin da yake rainawa har ƙofar shagon ɗan nasa.

"Kai, sa sunana a gaba. Mu ba ma tashi sai garso ya je ya dawo. In na ga ruwa, na gane alƙibla, sai ku biyo."

Badruddeen ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga tsohon ba wasa yake ba.

"Baffa, ai waɗanda za su fara zuwa ba lalle su dawo ba."

"To, shi ya sa. Ni ne na kai saba'in."

Dariyar ta ɗauke. Badruddeen ya daɗe yana kallon tsagaggun dugadugan ubansa, sannan ya jawo wayar ya goge sunansa, ya juyo da ita ya nuna masa.

Jalo bai iya boko ba, amma ya ƙura mata ido kamar mai duba haƙoran bijimi a kasuwa. Daɗi ya cika shi, ya zauna a benci.

"Ashe wurin babu ciyawa," in ji shi. "Aiko a kawo mini fura."