Fasto Chaúque a Kwalekwalen Baba Zunguze

Fasto Anselmo Chaúque mutumin tudu ne, daga can cikin lardin Gaza na ƙasarmu, inda ruwan sha ma sai an sha tafiya. Ban san wanda ya ga ya dace a turo shi wa'azi ƙauyen masunta ba, amma ko waye, gwanin zolaya ne. Shekara ashirin da wani abu yana cin kifinmu a nan kusa da Inhassoro, bai taɓa yarda teku ta wuce masa idon sawu ba. Sauran coci-coci a teku suke baftisma, mu kuwa a rabin ganga ake yi mana a bayan coci, ka durƙusa ciki kamar akuyar da za a yi wa wanka.

Duk da haka muna son sa. Shi ya koya wa rabin ƙauyen karatu, shi ke goya mara lafiya a keke zuwa asibiti. Aibinsa ɗaya, bakinsa ba ya hutawa. In ya fara addu'ar abinci, miyar ganyen rogo sai ta huce.

Mutum ɗaya ya gagare shi, surukina Baba Zunguze, uban mijina. Duk Lahadi tsohon yana gindin kashu a ƙofar coci yana ɗinkin raga, yana jin wa'azi ta taga, amma ƙafarsa ba ta taɓa shiga ba. Da yamma kuma su biyun su zauna dara suna tsiya. Da lokacin ritayar Fasto ya matso, kowa ya san abin da ke cin ransa: zai koma gida bai yi wa amininsa baftisma ba.

Ranar nan ina kawo musu shayi na ji Fasto ya ajiye wasa.

"Baba, me ya rage? Ka fi dattawan coci sanin wa'azina."

"Na san shi kam," in ji tsohon. "Kullum kada ku ji tsoro, kada ku ji tsoro. Mai faɗar kuwa ko ƙaguwa ya gani sai ya ɗage wando. Na saurare ka shekara da shekaru, ɗan tudu. Kai ma zo wurina ka saurara sau ɗaya. Gobe mu je ka ga ayu."

"A cikin ruwa?"

"A'a, a kan bishiya."

Washegari Fasto ya iso bakin teku da kwat da takalmi sau ciki, fuskar nan kamar wanda za a kai kotu. Ni aka ɗauka in riƙa kwashe ruwan da ke shiga kwalekwalen Baba. Kwalekwalen na barin gaɓa ya rungume sandar filafilai, ya ɓarke da waƙar coci iya ƙarfinsa. Wallahi har tsuntsaye suka watse.

Sai da muka kai inda ciyawar ruwa take, wurin kiwon ayu, sannan Baba ya sauke filafilai ya juyo.

"Fasto, ayu ba ta son hayaniya. A nan ba a magana. In ka ƙara buɗe baki, gida za mu koma."

"Ko addu'a?"

"Allah ba kurma ba ne. Yi a ciki."

Ban taɓa ganin azaba irin wadda ke fuskar bawan Allahn nan ba. Leɓɓansa na rawa, gumi na zuba. Muka daɗe ba abin da ake ji sai ruwa na lasar katako. A hankali na ga hannunsa ya saki sandar.

Sai muka ji huci a gefenmu, irin na saniyar da ta gaji. Ga ta nan ta taso, ƙatuwa, toka-toka, ɗanta manne a gefenta. Ta shaƙi iska, ta juya ba gaggawa, ta koma kiwonta. Fasto ya leƙa har kwat ɗinsa ya jiƙe, hawaye na bin kumatunsa.

Da muka yi nisa ya ce a hankali, "Ina bakin gonar Ubangiji shekara ashirin, ina ba mutane labarinta, ban taɓa leƙawa ba."

"Yau kam wa'azinka ya yi daɗi," in ji Baba. "Gajere."

Maimakon gida, sai tsohon ya karkata zuwa wani tudun yashi da ruwa ya rufe. Ya tuɓe riga, ya dira. Ruwan iya ƙirjinsa.

"To, sauko. A ganga dai ba za ka wanke ni ba, ni ba rogo ba ne."

Fasto ya dubi ruwan, ya dube ni, kamar ina da yadda zan yi. Ya cire takalmi ya miƙo mini. Yadda ya sauka ba zan ce da mutunci ba ne, don sai da ya sha teku ya ƙoshi kafin Baba ya cafko shi ta kwala.

"Baba, don Allah kada ka sake ni!"

"Ikon Allah! Kai za ka nutsar da ni, ni kuma in riƙe ka?"

Haka aka yi ta. Fasto ya kira sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, tsohon ya nutsar da kansa da kansa, hannunsa ɗaya na tallafe da mai yi masa baftismar. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakiyar teku, ina dariya har cikina ya ƙulle.

Baba ya taso yana furzar da ruwa. Na zaci wata tsiyar zai yi. Sai na ga bai saki kwalar Fasto ba, muryarsa kuma ta canza.

"Ka san abin da ya sa na ja ka shekarun nan?" ya ce. "Na ɗauka muddin aikinka bai ƙare ba, manyan coci ba za su bar ka ka tafi ba."

Dariyata ta tsaya. Na juya musu baya, na ci gaba da kwasar ruwa ina kuka.