Magogin Goron Kakana

Jiya ina share taga sai na ci karo da magogin goron kakana, duk ya yi tsatsa. Tun da haƙoransa suka zube yakan goge goro a kan magogin, ya watsa garin a baki yana cewa, "Wanga ba cin goro ba ne, lasa ce."

Ni na ɗauko shi daga Argungu zuwa wurin likitar haƙori a Birnin Kebbi. Ta cika ɗan faranti da wani abu mai laushi kamar ƙullu, ta danna a dasashinsa don ta ɗauki siffar bakin. Yawu na zuba, idonsa na hawaye, ya riƙe hannuna gam. Ta ciro, ta duba, ta sake. Daga baya ta ja ni gefe ta ce ƙashin muƙamuƙinsa ya zaizaye, haƙoran roba ba za su zauna sosai ba.

Ranar da muka karɓo su, ya gwada gutsurar goro a mota, suka zame. Ya cire su ya sa a aljihu.

"Jikana, miƙo mani magogina."

Na miƙa masa.

Allah Ya jiƙanka, Kaka, Ya ciyar da kai abin Aljanna da haƙoranka.