Kaftanin da Ladan Tela Bai Auna Ba

Ladan tela ne a kasuwar Boɗinga, kuma ba don Mainasara ba, da ya tsufa cikin kwanciyar rai.

Tare suka taso suna buga ƙwallon tsumma a bayan gari. Ladan ya sha rantse mana cewa shi ya koya wa Mainasara yanka. Ban musa ba, ban kuma gani ba. Abin da kowa ya sani, Mainasara ya tafi Kaduna ya buga wa wata ƙungiya shekara tara, har aka faɗi sunansa a rediyo. Da gwiwa ta gaza ya dawo gida, ba aikin fari ba na baƙi, amma in ya ratso kasuwa mahauta miƙewa suke yi. Mu da muka kwana muka tashi a garin, ko kuturu bai matsa mana.

Ladan abu guda yake so a duniya: a kira sunansa a bainar jama'a, sau ɗaya.

Shekarar samun 'yancin kai aka shirya wasa tsakanin samarin Boɗinga da na Shagari. Alhaji Bawa mai albasa ya ce a filin zai tufatar da Mainasara, ya kawo wa Ladan farin yadi ya ɗinka kaftani.

Na ce, "Ladan, tai ka auno shi."

Ya ce, "Ni? In ɗauki tef in tai gidan wanga yaro in durƙusa gaban cikinai? Na san jikinai tun muna wanka a tafki."

Na ce, "Wancan jikin Kaduna ta cinye, wanga na tuwo ne."

Bai ji ba. Kwana shida yana zuba aiki a wuya, aikin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ya kuma ja wani maroƙi gefe ya ba shi goro, ya ce in an saka rigar kada a manta da maɗinki.

Ranar wasa a Shagari, Mainasara ya ɗaga hannuwa, Alhaji ya zura masa kaftani. Kai ya wuce, kafaɗa ta wuce da addu'a, a tumbi aka tsaya. Ba gaba ba baya. Maroƙi kuwa ya riga ya ci goro, ya buɗe murya: "Ɗinkin Ladan na Boɗinga! Ladan ɗan Mode, kowa ya gani!"

Kowa ya gani. Mutanen Shagari har ƙasa suka kwanta don dariya, amma kafin la'asar labari ya juya: wai Mainasara, da 'yan baya suka kasa riƙewa, riga ma ta kasa.

Ran kasuwa sai ga Mainasara a rumfar Ladan, da kaftanin a kafaɗa da jama'a a bayansa.

Ya ce, "Abokina, na kawo maka cikin har gida. Auna."

Ladan ya daɗe yana kallon keken ɗinkinsa. Sannan ya ciro tef daga wuya, ya durƙusa.