Aku da Sunan da Ya Amsa a Cikin Mota

Na fara sanin Aku a shekarar da na gina ɗaki a bakin ƙofar gidana, shekarar da kwalejin da ke bayan layinmu ta ɗebi ɗalibai fiye da gadajen da take da su. A lokacin ina aiki a gidan waya, babu wanda ya taɓa jin labarin wayar hannu. Wata ranar Asabar samari biyu suka yi sallama, suna riƙe da akwatin ƙarfe guda a tsakaninsu da risho a kai. Ɗaya gajere ne mai faɗin baki, shi ya yi duk maganar. Ɗayan dogo ne, bai ce komai ba sai da na tambaye shi ko yana ji. Awon ƙasa suka zo karantawa.

Dogon 'yan ajinsu suna ce masa Siriri. Gajeren kuwa Aku, domin babu muryar da zai ji sau biyu bai kwaikwaye ta ba. Akwai ranar da ina wanka na ji matata ta ƙwala mini kira cewa akuya ta shiga ɗaki tana cin takarduna. Na fito da kumfa a kunne, na tarar matata ta tafi kasuwa tun da safe, Aku yana zaune yana goge takalmi, fuskarsa kamar ta mai azumi.

Zamansu irin na ɗalibai ne. Allon zane ɗaya suke da shi, suna ɗora shi a kan gado da rana, su jingine shi da bango in za su kwanta. Tukunya ɗaya, bokiti ɗaya, farar riga ɗaya ta zuwa gaban manya, wadda ta yi wa Aku tsawo ta yi wa Siriri gajarta. Aku ke girki, Siriri ke wanke-wanke, kullum kuma suna musu a kan wanda ya ƙarar da kananzir. Idan jarrabawa ta matso Siriri yakan daina cin abinci, Aku kuwa cinsa ke ƙaruwa. Matata ta ɗauke su kamar 'ya'yanta, su ma Mama suke ce mata, ni kuma Baba.

Akwai abin da ɗaliban kwalejin suke yi wa juna wanda ban taɓa so ba. Idan malami yana kiran suna, wanda bai zo ba abokinsa ke amsa masa. Dokar kwaleji ta ce duk wanda aka kama kora ce, amma aji ya cika, malami kansa na ƙasa, wa zai kama wa? Aku ya fi kowa iyawa, har akan biyo shi gida ana roƙo. Na gaya masa cewa a makarantar mishan da na yi, in aka kira sunanka sai ka miƙe tsaye, malami ya ɗago ya ga fuskarka, sannan ka zauna. Ya ce, da muryata sak, "A zamaninmu ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya shiga aji." Matata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Na bar maganar.

A shekararsu ta ƙarshe, cikin damina, aka kai ajinsu aikin fili a wani tsohon wurin fasa dutse da ke nesa da gari, inda aka bar ramuka masu zurfi ruwa ya taru a ciki. Ranar Juma'a ce. An raba su rukuni-rukuni, Aku da Siriri ba su faɗa rukuni ɗaya ba. Yayar Siriri tana aure a wani ƙauye da ke kan hanyar wurin, kuma da safe, ina jinsu ta taga, Siriri ya ce in sun gama da wuri zai tsallaka ya kwana wurinta. Ya sa sabulu da sukari a jakarsa zai kai mata. Ya ce wa Aku ya san abin da zai yi in an kira suna.

Da yamma Aku ya dawo shi kaɗai, da jaka biyu a kafaɗa. Matata ta tambaye shi abokinsa, ya ce yana wurin Yaya. Ta ce to jakar fa? Ya ce ai Mama ta san Siriri, wata rana ƙafarsa zai manta a mota. Ya faɗa da wasa, amma na lura bai ci abincin da ta zuba masa ba.

Da safe, ina gyara kekena a tsakar gida, wata mata ta yi sallama da goyo a baya. Yayar Siriri ce. Ta shigo gari asibiti da yaron, ta ce bari ta biyo ta ga ƙaninta, rabonta da shi tun kafin ruwa ya sauka.

Aku yana bakin ɗaki da buroshi a baki. Ya cire shi a hankali.

"Yaya, ba wurinki ya kwana ba?"

"Wurina? Kai dai ba ka rabo da wasa. Yana ciki ko? Ƙanena, fito, na san halinku."

Ta leƙa ɗakin. Jakar tana kan gado, bakinta a buɗe, ga sabulun ga sukarin. Ta juyo ta dube ni, ta dubi Aku, murmushin yana nan a fuskarta bai gama tafiya ba. Aku ya zauna a kan dakali, ya ba mu labari da wata murya da ban san shi da ita ba. Da aka shiga mota malami ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran suna, hadari ya taso, kowa na gaggawa. Da aka zo kan Siriri, Aku ya sunkuya bayan kujera ya amsa. Malami ya ce an cika, direba ya ja. Sai da suka yi nisa ya ga jakar a ƙarƙashin kujera.

An kwana ana ruwa. Duk mun ji shi a kan kwano.

Yayar ta fara kwance goyo tana ɗaurewa, tana kwancewa tana ɗaurewa. Ni kuwa na ga abin da ke gaban Aku sarai. Babu mai ba da mota da mutane a je neman ɗalibin da malami ya ji muryarsa a cikin mota, sai an faɗi wanda ya yi muryar. Saura 'yan makonni su rubuta jarrabawar ƙarshe. Uban Aku tela ne, ya riga ya ɗinka masa kayan da zai sa ranar karɓar takarda, Aku ya nuna mana su. Na ce wa Aku zan iya zuwa wurin malamin ni kaɗai in ce Siriri bai kwana gida ba. Ya ce malamin zai ce ya sauka a gari ya tafi yawonsa, a jira Litinin.

"Baba, ɗauke ni a keken," in ji shi.

Malamin nasu ɗalibai suna ce masa Babu Wasa. Mun same shi a gida yana aske gemu a baranda. Aku bai gaishe shi ba ma, ya faɗi abin da ya yi a tsaye. Malamin ya ajiye reza, rabin fuskarsa da kumfa, ya tambaya ko ya san abin da wannan maganar za ta jawo masa. Aku ya ce ya sani. Malamin ya shiga ya ɗauko makullin motarsa, ya aika a taso direban kwaleji da igiyoyi da duk ɗalibin da aka samu a ɗakin kwana.

Na bi su. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin. Duwatsu a fashe, ciyawa ta kai ƙirji, ramuka nan da can, ruwan cikinsu kore, ba ya motsi. Ruwan daren ya wanke duk wani sawu. 'Yan rukunin Siriri suka ce da suka gama sun aike shi ya ciro tutar da suka kafa a bayan tudu, su kuma suka ɗauki na'ura suka yi gaba. Da suka ji ya amsa a mota, ba su sake tunaninsa ba. Muka bazu muna kira. Duk ramin da muka zo sai kowa ya ja baya kaɗan, ya bar wani ya fara leƙawa. A wani ramin wani abu fari yana yawo a kan ruwa, wani ɗalibi ya toshe bakinsa da hannu. Da aka jawo da sanda, tsohon buhu ne.

Rana ta take, muryar Aku ta dushe har kiran ba ya fita. Yana tafiya a bakin ramuka inda ƙasa ke zaizayewa, malamin yana daka masa tsawa ya matsa, ba ya ji. Yayar tana zaune a cikin mota da yaronta, ta ƙi fitowa, ta ƙi kuma rufe ƙofa.

Bayan azahar Aku ya tsaya cak. A can ƙarshen wurin, inda ba mu zaci ya kai ba, kan sandar awo mai ja da fari ya ɗan ɓullo daga cikin ciyawa, yana karkarwa, ya nutse, ya sake ɓullowa. Siriri ne a cikin wani rami, gefen ramin ne ya rufta da shi. Ya faɗa kan wani tudun dutse da bai fi faɗin tabarma ba, ruwa yana ƙasa da shi kaɗan, ruwan kuma ya hau cikin dare har ya taɓa masa takalmi. Ƙafarsa ta dama ta karye a wuri biyu. Muryarsa ta tafi tun jiya. Ya ji motar ta tashi, ya ji ta yi nisa. Abin da ya rage masa shi ne ɗaga sandar nan in ya sami ƙarfi.

Aku ne aka ɗaura wa igiya ya sauka. Da aka fito da su, Siriri ya motsa leɓe, malamin ya kai kunne. Wai cewa ya yi shi ya sa a amsa masa.

Hakan bai hana komai ba. Kwamiti ya zauna, aka kori Aku, aka hana shi shiga harabar kwaleji. Siriri aka ce ya maimaita shekara. Uban Aku, telan nan, ya zo ɗaukar kaya, dattijo mai natsuwa, ya yi mana godiya, bai dubi ɗansa ba ko sau ɗaya. Aku ya bar wa Siriri allon zane da risho da farar rigar. Bai je asibiti sallama ba. Matata ta ce ya je, ya ce ba zai iya kallon ƙafar ba.

Siriri ya dawo da sanda a hannu, ƙafar ta gajarce. Ya ci gaba da zama a ɗakin shi kaɗai, in hadari ya taso ya fito ya zauna kusa da matata a kicin. Abin da ke ba mu tsoro shi ne aikin fili na ƙarshe, wanda ba a ba kowa takarda sai ya yi shi, kuma a wurin nan dai ake yi. Ya tafi, ya dawo, ya ci jarrabawa. Na tambaye shi yadda ya yi da tudu da ciyawa, ya ce kwaleji ta yarda ya ɗauki lebura.

Sai bayan shekaru, malamin nan ya zo gidan waya aika saƙo, ya tsufa, muka gane juna. Shi ya gaya mini. Duk tsawon aikin, kafin motar kwaleji ta iso, leburan yana can yana jira, da malafa ya rufe rabin fuska, a ƙafa yake zuwa daga bakin titi. Shi ke ɗaukar na'ura, shi ke shiga gaba yana taka ƙasa kafin Siriri ya taka, inda tudu ya yi tsayi ya goya shi. Ba ya magana da kowa, ba ya cin abinci tare da ɗalibai, ba ya shiga mota. Ranar ƙarshe ya naɗe igiyar awo, ya miƙa, ya bi hanyarsa.

Na ce wa malamin ai doka ta hana Aku zuwa kusa da aikin kwaleji.

Ya liƙa kan sarki a ambulan ɗinsa, ya danna da babban yatsa.

"Ni lebura na gani," in ji shi.