Fitilata da Tasar Garin Inna

Na shiga shagunan hoto a Kumasi da Legas da Jidda, kuma ko'ina abu ɗaya na gani: fitila a kan dogon ƙarfe, da farar laima a bayanta, haske na sauko wa mutum daga sama ta gefe. Da na dawo Birnin Kudu da kyamarata, na ɗauka ba abin da ya rage in sani a kan haske. Fitilar kawai ta rage in saya.

Na tafi Kano. Ina shiga wani shagon kayan hoto na yi wa mai kayan magana da Turanci, na ɗan yayyafa Larabci, don ya san ba baƙauye ya samu ba. Ya dube ni ya ce, “Sannu da zuwa, Alhaji, ashe babban baƙo muka yi.” Ya jawo fitila mai laimar nan ya faɗi kuɗinta. Nan take Hausata ta dawo.

“Malam, babu ƙanwarta?”

“Akwai jikarta ma,” in ji shi. Ya miƙo wata ’yar fitila mai walƙiya da ake ɗaurawa a kan kyamara, mai aiki da batir. Ita na ɗauka, ina gaya wa kaina ai dama wutar lantarki ba ta kai ƙauyukanmu ba, don haka hikima ce, ba rashi ba.

Na fara gwada ta a wani suna a Kangire. Lokacin sai an kai fim Kano an wanke kafin ka ga abin da ka aikata. Hotuna suka dawo: fararen riguna suna ta ƙyalli, a saman kowace riga akwai hula, tsakanin hula da riga duhu. Mai gidan ya daɗe yana dubawa, ya ce ya gane kowa, don ya san rigunansu.

Sai na sayi laimar ruwa, na shafe cikinta da farin fenti, na ɗaure ta a gora tare da fitilar. Aka samu sauƙi, fuskoki suka fara fitowa. Na koma ina yi wa mutane bayanin yadda ake yi a Kumasi, ko ba su tambaya ba.

Ana haka tafiya ta sake kama ni, wannan karon da iyali, kuma ba mu san shekarar dawowa ba. Matata ta ce abu ɗaya take so ta tafi da shi: hoton mahaifiyarta, Inna, wadda ke Dingaya a ƙasar Gwaram. Inna ta tsufa, ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne.

Abin da ban lissafa ba shi ne, ni surukinta ne. Tun da na auri ’yarta Inna ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, magana ma sai ta bakin ’yar. Ta yarda ta zauna a kujera a tsakar gida saboda ’yarta, amma ta ja mayafi har gira, ta kafa ido a ƙasa. Na kafa gorata, na buɗe laima, rana tsaka, ba ko ɗigon hadari.

Inna ta ce wa matata, “Ki tambaye shi, ruwa ya hango?”

Na ce wa matata, “Ki ce wa Inna ta ɗan ɗago kai.”

“Ki ce masa ya yi abin da zai yi, ina da aiki.”

Na danna. Da hoton ya dawo, mayafin ya fito sarai, har zarensa ana gani. A ƙarƙashinsa sai inuwa da ɗan haɓa. Hasken da na koyo a ƙasashe daga sama yake zuwa, an yi shi ne don masu ɗaga kai su dubi mai hoto. Matata ta riƙe hoton ta ce, “Malam, wannan ai mayafin ka ɗauko mini. Shi da na roƙa ma da ta ba ni.” Ta yi dariya, amma na ga ba ta kai ciki ba.

Muka koma Dingaya sallama, zuwan ƙarshe kafin tafiya. Na zo da sabuwar dabara, zan sauke laimar ƙasa. Ina cikin ɗaure-ɗaure a bakin zaure na lura batirin fitilar ya mutu, kuma ba inda ake sayar da irinsa a garin. Na zauna da laima a cinya, ni da harsunana, ba wanda zai kunna fitila a cikinsu.

Daga nan ina hango cikin gida ta gefen zana. Inna na zaune a inuwa bakin ɗakin girki tana tankaɗe, ’yarta na gefe suna hira. Ranar hantsi ta faɗo daidai kan babbar farar tasar da garin ke zuba, hasken ya taso daga ƙasa ya shiga ƙarƙashin mayafin. Kanta a sunkuye kamar kullum, amma ga fuskar nan duka, har tsagen kumatunta. Matata ta faɗi wani abu, Inna ta murmusa, na ɗaga kyamara na danna.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ki ce masa na ji ƙarar abin. In ya gama, ya bar mini laimar, damina ta kusa.”

Na bar mata. Hoton kuwa ya fito. Na so in yi wa matata bayanin yadda haske ke dawowa daga farin abu, ta ɗaga mini hannu, idonta a kan hoton. Ta ce, “Haka na san ta.” Ta naɗe shi a ɗankwali, ta sa a ƙasan akwatinta, muka tafi.