An Gafarta, Ko Mi Anka Yi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Kebbe ya san muryar Baba Bitrus tun kafin ya san fuskarsa. Baƙin keken nan nasa, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, bai taɓa ganin ƙararrawa ba, birki kuma sai ranar da ya ga dama yake kamawa. Tun daga nesa za ka ji ana “Gafara! Gafara!” kamar an saki bijimi. Na taɓa sayo masa ƙararrawa daga Tambuwal. Ya juya ta, ya kaɗa, ya miƙo mini abata.

“Rahila ɗiyata, mi za ni yi da wagga? Allah ya ba ni tawa kyauta cikin maƙoshi, kuma ba ta tsatsa.”

Daga ƙarshe a wuyan akuyar gidansa ta ƙare.

Ku da kuka san shi kun san gafarar Baba ba a kan keke ta tsaya ba. Mace ta tsaya a ƙofar gidansa ta ce “Gafara dai,” irin sallamarmu ta mata, ba zai bari matarsa Inna Saratu ta amsa ba. Daga inda yake zai ɗaga murya: “An gafarta, ko mi anka yi! Shigo!” Wata rana Inna Hauwa mai fura ta gaji, ta sauke ƙwaryarta.

“Kai Bitrus, ni mi na yi maka da kullum kaka gafarta mani?”

“Ruwan da kinka ƙara ma nono.”

“Yau ban ƙara ba!”

“To aje ta, gobe ta yi maki amfani.”

Haka yake rabon gafara kamar goron suna, ga Kirista, ga Musulmi, har ga jakin da ya tare masa hanya. Mutum ɗaya tak ne a duniya bai samu ko ɓallin goron nan ba. Ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Ayuba, wanda ya haife ni.

Yaran yanzu ba su san mafarin ba, bari in faɗa. Akwai giginyar da kakanmu ya shuka a bakin gona shekarar da suka taso daga ƙasar Zuru. Kowace Lahadin Dabino, daga jikinta ake yanko ganyen da ’yar majami’armu ke ɗagawa, Baba Bitrus a gaba, kai ka ce shi ya halicce ta. Wata shekara ɗakin mahaifiyata ya rufta gab da damina, Baba Bitrus kuwa ya yi tafiya. Mahaifina bai jira kowa ba, ya sa aka sare giginyar aka yi azara. Da Baba ya dawo ya tarar da kututture, bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ya yi. Ya tsuguna a wurin har rana ta yi tsaka, ya tashi ya ce shi ba shi da ƙane. Ni kuwa a ƙarƙashin azarar nan na girma, ina cin tuwo gida biyu, kowane gida ina taka-tsantsan da sunan ɗayan.

Tun daga lokacin Baba ya kamu da wani irin tari mai ilimi. Ba ya tashi a gona, ba ya tashi a kasuwa, sai a coci, a cocin ma sai a Addu’ar Ubangiji. Zai faro ta da ƙarfi ya danne kowa, amma da an iso inda muke roƙon Allah ya yafe mana gwargwadon yadda muke yafe wa wasu, sai ka ji “Ƙuhum! Ƙuhum!” Da an wuce wurin, ya warke sarai. Katikis, malamin cocinmu, ya taɓa kawo masa zuma da citta.

“Riƙe zumarka,” in ji Baba. “Lafiyata lau. Ni dai ba ni yi ma Allah ƙarya da baki buɗe.”

Mun yi dariya, amma abin ba na dariya ba ne, domin tun daga sare giginyar nan Baba bai sake karɓar Jibi Mai Tsarki, gurasar nan da ake ba mu a coci, ba. Ba wanda ya hana shi, shi ya hana kansa. Ya ce an koya mana mutum ya fara shiryawa da ɗan’uwansa kafin ya matso bagade, shi kuwa bai shirya ba, kuma ba zai je teburin Ubangiji da hannu mai dauɗa ba. Kowace Ista muna layi, shi yana zaune a benci na ƙarshe da hularsa a gwiwa, yana bin mu da ido kamar mai azumi a gidan biki. Wannan zama nasa ya daɗe yana cin raina.

Ikirari kuwa, wato furta zunubi a gaban limamin coci, ba ya wuce shi. Duk lokacin azumin kwana arba’in, in limamin, wanda muke kira Fada, ya zo mana daga Tambuwal a kan babur, ya kafa kujera a gindin darbejiya, Baba ne na farko. Matsalar ita ce kunnensa ya yi nauyi, shi kuma yana ganin na kowa ma haka yake. Muna can nesa muna jinsa tiryan-tiryan.

“Fada, Saratu ta cika baki. Jiya ta ɓoye mani taba. Shekaranjiya kuma…”

Ba mu jin abin da Fada ke cewa, amsar Baba kawai muke ji.

“Nawa? Ina zuwa ga nawa, Fada! Ai nata ne ka jawo nawa!”

Sai katikis ya yi maza ya tada waƙa, mu bi shi da ƙarfi don mu rufa wa Inna Saratu asiri. Duk da waƙar, mukan ji jimlar ƙarshe, wadda ba ta canzawa: “Ayuba? A’a, Fada, wanga a bar shi sai baɗi.”

Fada ma ya gwada dabararsa. Wata Alhamis Mai Tsarki, ranar da yake wanke ƙafafun dattawa, ya sa aka jera kujerar Baba kusa da ta mahaifina. Baba ya wuni yana dirzar kaushinsa da dutse don kada ya yanki hannun Fada, ya zo ƙafa fes kamar ta amarya. Yana ganin wanda ke gefensa, sai ya ɗauki kujerarsa a ka ya zagaya can ɗaya ƙarshen. Ranar ce Inna Saratu ta fusata a gaban jama’a.

“Kullum gafara, kullum gafara! Bitrus, mun gaji da gafara sa, ba mu ga ƙaho ba!”

“Ƙahon shina nan,” in ji shi. “Tsiro shika yi.”

Azumin bara ne ciwo ya kwantar da shi. Keken ya jingina da bango, akuya na kwana a ƙarƙashinsa. Da aka shiga Mako Mai Tsarki, Fada ya aiko cewa ranar Alhamis zai biyo ya shafa masa man addu’ar majinyata, ya kawo masa Jibi har gado. Baba ya juya fuska ga bango ya ce a gaya wa Fada kada ya ɓata fetur ɗinsa. A nan na tsorata. Na ga tsohon nan zai tafi da yunwar da ya ɗora wa kansa, don taurin kai kawai.

Na je na durƙusa gaban mahaifina ina kuka. Shi ma fa jinin ɗaya ne, kan nan kamar dutsen niƙa. Ya ce ya sha aika mutane ana koro su, in ya je da kansa Yaya zai kore shi a gaban yara. Muna cikin haka Inna Saratu ta shigo, ta saurare mu, ta ja tsaki.

“Ayuba, kai dai tahi. Kada ka yi sallamar maza. Tsaya bayan zana ka yi irin tamu.”

Ranar Laraba da la’asar muka je. Ina ɗakin Baba ina ba shi kunu, sai ga murya daga bayan zana, murya mai kauri irin ta mai kiran shanu.

“Gafara dai.”

Baba bai ko ajiye ludayin ba. “An gafarta, ko mi anka yi! Shigo!”

Mahaifina ya sunkuyo ya shigo, ya zube a bakin gado. Baba ya zaro ido.

“Kai! Zamba! Ban san kai ne ba! A maido mani gafarata!”

“Magana zarar bunu ce,” in ji Inna Saratu daga ƙofa. “Mu duka mun ji.”

Mahaifina, mutumin da furfura ta gama cinye kansa, ya kifa goshi a ƙafar wansa yana cewa, “Yaya, na yi laifi. Da na jira ka.” Baba ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. Sai ya miƙa hannu ya dafa ta.

“Ayuba, yaushe ka koma mace ban sani ba? Tashi, ka jiƙa mani kaushi.” Can kuma ya ce, a hankali, “Azarar tana nan? Gara ba ta ci ba?”

“Ko ɗaya, Yaya.”

“To. Ashe ubanmu bai shuka banza ba.”

Washegari Fada ya zo, ƙura har gira. Aka yi ikirari, muka fita tsakar gida muka tada waƙa bisa al’ada, amma a karon nan ba a daɗe ba, kuma ba a ambaci Inna Saratu ba. Da muka koma muka yi Addu’ar Ubangiji tare, kowa ya kasa kunne a wurin nan da kuka sani. Ba tari. Ya faɗe ta tsaf, kalma bayan kalma, yana riƙe da hannun ƙanensa. Ya karɓi Jibi, ya rufe ido, hawaye na bin tsagar fuskarsa. Ni dai ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Bai kai damina ba. Amma kafin ya tafi, wata safiya ina gyara masa shimfiɗa, na tsokane shi na ce Inna Saratu ta fi shi wayo, ta kama shi da tarkon bakinsa. Ya yi ’yar dariyar nan tasa.

“Rahila, kunnena ya mutu, ban musa ba. Amma ni na goyi yaron ga. Tun da ya yi gyaran murya bayan zana na san ko wane ne. Shekaru nike kwance da amsar ga a baki, ina jiran shi zo shi tambaya.”

Ya Ubangiji, ga bawanka Bitrus nan ya taho. Ba shi da ƙararrawa, birkinsa ma ka san halinsa, amma za ka ji shi tun daga nesa yana neman hanya. In ya tsaya a ƙofarka ya ce gafara dai, ka amsa masa da amsar da ya saba ba mu. Amin.