Ranar da Adda Ta Nemi Shawarata

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Dakta Hauwa'u, wadda mu a gidanmu na Taura muke ce wa Adda. Duk shekara ɗalibanta sukan rubuta yabo a kanta, ni kuwa in karanta in ja bakina. Bana dai shirun ya ishe ni.

Adda ta koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a a Dutse. Abin da ta ƙware a kai shi ne yadda ake zama da mutum a taimaka masa ya gano mafitarsa da kansa, ba tare da an ce masa yi kaza ba. Shekarunta na ƙarshe a makarantun firamare na ƙauyukan Kiyawa ta ƙarar da su, tana binciken abin da ke sa wani malami ya tsufa yana koyarwa da walwala, wani kuwa zuciyarsa ta mutu alli na hannunsa. Babanmu har ya koma ga Allah bai gane kan aikin ba. Yakan ce, "Yanzu Hauwa'u duk karatun nan don ki riƙa yi wa mutane tambaya ne?"

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Jahun, kuma bakina ba ya jiran a tambaye shi. Sha wannan, kwanta nan, kada in sake ganin kin tsallake magani. Adda ta sha fama da ni. "Asma'u, ke ba kya sauraro," in ji ta, "jira kawai kike mutum ya ja numfashi ki ba shi umarni." Na ji haushi, amma na gwada hanyarta, kuma na ga amfaninta. Mata suka fara faɗa mini abin da suke ɓoye wa likita. Har taƙama na riƙa yi cewa ni ma ɗalibarta ce.

Wata Asabar da hantsi ta zo gidana ba sanarwa. Ta ja ni ɗaki, ta kama hannuna ta ɗora a mamanta na hagu. Ƙullutu ne mai tauri, ba ya motsi. Na taɓa irinsa ba sau ɗaya ba, na kuma san abin da yakan zama. Ta ce an ba ta takardar zuwa Kano a yi gwaji, amma saura wata uku ta gama zagayen makarantu, in ta bari aka yi hutu aikin shekara guda ya watse, ga ɗalibai suna jiran ta duba kundinsu. Sai ta dube ni ta ce, "Ke me kika ce?"

Tunda nake, Adda ba ta taɓa neman shawarata ba sai ranar. Ni kuwa, don ta ga karatunta ya zauna, na gyara zama irin nata, na kwantar da murya na ce, "Adda, ke me zuciyarki ta fi kwanciya da shi?" Ta yi murmushi, ta ce lallai na iya. Muka ci dambu, ta koma Dutse. Wata ukun nan ya zama bakwai. Da muka je Kano, likita ya duba hoton, ya ɗago ya dube ni don ya ji ni ma'aikaciyar jinya ce, nan na gane mun makara.

Na yi imani kwananta ne ya ƙare. Da wannan na riƙa lallashin kaina, ina ƙarawa da cewa ai mace ce mai ilimi da kafiya, ko na ce ta tafi ba ji za ta yi ba.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. Waya ta cika da masu koya wa mutane zaman duniya cikin minti ɗaya, na san da ta yi dariya har da hawaye. Ɗalibanta sun kammala binciken. Wani hedimasta ya taɓa tare ni a tashar Kiyawa don ya ga kamanninta a fuskata, ya ce har gobe malamansa suna zama su saurari juna yadda ta koya musu, kuma da ba don ita ba da tuni ya ajiye aikin. Na yi murna, na yi kuka a cikin a-daidaita.

Bayan babbar salla ta bana mijinta, Yaya Sani, ya kawo mini ragowar littattafanta. Muna cikin hira, ba da nufin komai ba, ya ce, "Ai ranar da ta zo wajenki da jakar kayanta ta fita. Ta ce mini, 'Na san Asma'u, ba za ta bar ni in dawo ba, daga can sai dai mu wuce Kano.' Da na gan ta da la'asar, sai na zaci kin duba kin ce ba wani abu ba ne."

Ashe ta tsallake duk masanan Dutse ta taho wurina ne saboda bakin nan nawa da ta sha ƙorafi a kai. Tana jin tsoro, tana neman wanda zai fi ƙarfinta.

Aikin Adda na gaskiya ne, yana nan a hannun mutanen da ya raya, ni ma kullum ina cin moriyarsa a ɗakin haihuwa. Abin da ya rage mini ni kaɗai daban ne. Yayata ta taso tun daga Dutse da jaka a bayan mota don ta ji ƙanwarta ta ce tashi mu tafi, ni kuwa na zuba mata dambu na raka ta bakin ƙofa. Allah ya jiƙanki, Adda. Ki yafe mini.